Motar da ta fito daga sabis ta kasa wuce tirela

A wannan mako zan ɗan kauce wa siyasa da tsadar kasuwa in kai mu gareji, domin akwai wani abu da ya faru da ni a hunturun da ya gabata wanda har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi.

Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, mai injin lita 1.8. Ta daɗe a hannuna, na san kukanta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Da aka sa ranar ɗaurin auren 'yar ƙanena a Jos, kuma ni ne waliyyi, sai na ga ya dace in kai ta sabis kafin tafiya. Saura kwana biyu na miƙa ta ga bakaniken da muka shekara da shekaru tare. Aka yi juye, aka canja filtar mai da filtar iska, aka sa sababbin fulogi huɗu, aka canja fad ɗin birkin gaba. Na ajiye makulli da safe na tafi harkokina, da la'asar na dawo na tarar an wanke ta tana ƙyalli. Na biya, na yi godiya, na kama hanyar gida.

A cikin birnin Kano ban ji komai ba. Wanda ke tuƙi tsakanin 'yan Adaidaita Sahu da cunkoson shatale-tale ba ya taka totur ya wuce rubu'insa, don haka mota tana iya ɓoye ciwonta mako guda ba a gane ba. Ranar tafiya, daga Kano zuwa Kwanar Dangora na ji ta ɗan yi nauyi, amma na ɗora wa lodi laifin: mu biyar ne a ciki, ga but cike da kayan biki. Sai da muka wuce Tudun Wada muka shiga Dajin Falgore, inda titi ya zama falan ɗaya, sannan gaskiya ta fito. Wata tirela ta tare mu tana tafiyar hawainiya. Na leƙa na ga hanya a buɗe, akwai wata bas can nesa, tazarar da na saba wuce tirela biyu a cikinta. Na fita na taka totur har ƙasa. Injin ya yi gurnani, motar ta yi kamar an riƙe ta ta baya. Na kai tsakiyar tirelar na tsaya a nan, ba gaba ba baya, bas kuwa sai ƙara girma take yi tana watso mini fitila. Na taka birki na koma bayan tirelar da ƙyar, iskar bas ɗin ta girgiza mu. Uwargida tana ta salati, yara sun yi tsit. Daga nan har Saminaka ban sake yunƙurin wuce ko mai keke ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Tsakanin Saminaka da Jos na nuna motar ga mutum huɗu, na sami amsa huɗu. Na farko ya ce gurɓataccen mai na sha. Ban ga laifinsa ba, domin tun abin da ya faru a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol ya lalata wa jama'a motoci, duk motar da ta yi tari sai a ce mai ne. Na biyu ya kasa kunne a bayan kujera ya ce famfon mai ya gaji, a sayo sabo. Na uku, a Jos, ya ce indomi ya toshe, wato wannan saƙar zumar da ke cikin salansa mai tace hayaƙi, kuma a take ya yi tayin ya fasa ya cire mini shi. Na huɗu dattijo ne, ya taka totur sau uku, ya girgiza kai ya ce: “Alhaji, ringi ya tafi, sai an sauke injin.” Wani ɗan kallo ma ya tofa nasa, ya ce iskar Jos ce, haka take yi wa baƙin motoci. A maganarsa akwai ƙamshin gaskiya, tun da Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 kuma iska tana sirancewa a sama, injin yakan ɗan rage ƙarfi. Amma ragin kaɗan ne, kuma tawa tun a Falgore ta gaza.

Cikin su huɗun babu wanda ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Babu wanda ya tambayi abin da aka yi wa motar na ƙarshe. Kowa ya ji kuka ya yanke hukunci, kuma kowane hukunci yana ƙarewa da sayen wani abu ko cire wani abu.

Bayan an ɗaura aure an watse, wani surukinmu ya kai ni wurin wani matashin rewaya da ke aiki a wata rumfa ta kwano. Bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni a benci. “Baba, yaushe ta fara?” Na ce shekaranjiya. “Kafin nan lafiyarta ƙalau?” Na ce ƙalau, har sabis na yi mata. Sai ya yi murmushi ya ce: “To Baba, a lissafo mini duk abin da aka taɓa.”

Hujjarsa mai sauƙi ce, kuma ruwa ba ya tsami banza. Ringi ba ya cinyewa a dare ɗaya. Yakan yi watanni yana ba da sanarwa da shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai. Indomi ma a hankali yake toshewa. Motar da ke lafiya ranar Laraba, aka buɗe ta ranar Alhamis, ta kasa ja ranar Asabar, wurin da hannu ya taɓa ranar Alhamis shi ne farkon abin tuhuma. Yana iya yiwuwa a yi katari wani abu dabam ya lalace a daidai lokacin, amma ba da katari ake fara bincike ba.

Ya karɓi makulli muka zaga. Da muka dawo bai je wurin injin ba, sai ya bi ƙafafun motar huɗu yana kai bayan hannunsa kusa da kowane rim. Ya ce tun da an canja fad, dole ya tabbatar birki ba ya kamawa, domin motar da birkinta ke riƙe da ita daidai take da wadda injinta ya mutu a wurin direba, kuma ƙafar da ke kamawa takan fi sauran zafi nesa ba kusa ba. Babu wadda ta yi zafi. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya ga bai wuce alama ba. Ya ce in aka cika shi ya haura, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin yakan riƙa dukansa har ya yi kumfa, injin ya yi nauyi. Ya tambayi irin man da aka zuba. Wannan injin 5W-30 aka rubuta masa, amma da yawa daga kanikawanmu 20W-50 suke zuba wa kowace mota, wai ƙasarmu da zafi, alhali na'urar VVT-i da ke daidaita buɗewar bawul da matsin wannan man take aiki. A nan ma ba a sami laifi ba. Ya kwance kwayil huɗu ya duba ko ruwan wankin injin ya kwanta a ramukan fulogi, ya fito da fulogin ya duba lambarsu da tazarar bakinsu, wadda a wannan injin milimita 1.1 ce. Ya bi kowane soket yana dannawa ya ji ko ya kama. Ya bi robar da ke kai iska daga akwatin filta zuwa bakin totur yana matsawa ko ta tsage ko an bar zobenta a kwance. Duk wannan bai ɗauke shi rabin sa'a ba, kuma ban sayi ko kusa ɗaya ba.

Sai bayan nan ya ɗauko na'urarsa ya soka a ƙarƙashin sitiyari. Wannan kafa mai baki 16 ita ake kira OBD-II. Doka ta wajabta ta a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1996, Turai ta bi sahu a motocin fetur wajen 2001, don haka kusan duk 'yar Kwatanon da ke yawo a titunanmu tana da ita. A nan ne nawa laifin ya fito fili. Fitilar cek injin ta motata ta fi shekara a kunne, na saba da ita har na daina ganinta. Ashe tsohon dalilin kunnuwarta robar murfin tanki ce da ta tsage, abin da bai taka kara ya karya ba. Amma da yake tana kunne tun tuni, da sabuwar matsala ta zo ba ta da wata hanyar gaya mini. Na san masu manna mata baƙin salatif, na san waɗanda ake cire wa ƙwan gaba ɗaya kafin a sayar musu da mota. Ni ban manna komai ba, idona ne ya yi mini aikin salatif ɗin.

Sabuwar lambar da ta fito ita ce P0171, ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Injin fetur yana son kimanin kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. A zamanin Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, kafireta ce ke yin wannan haɗi, kuma gwanin bakanike da sukundireba da kunnensa yake daidaita ta. A motocin yanzu ƙwaƙwalwar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke lissafin. Akwai wata 'yar na'ura a bakin akwatin filta, suna ce mata eyafulo, mai ɗauke da siririyar waya da ake zafafawa da lantarki. Iskar da ke wucewa tana sanyaya wayar, daga yawan wutar da ake buƙata don riƙe zafinta ƙwaƙwalwa ke gane yawan iskar da ta shiga, sai ta ba nozul umarnin feso man da ya dace. Can a salansa kuma akwai wata sensar da ke shinshinar hayaƙi tana kawo rahoto ko haɗin ya yi daidai, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ko ta rage.

Lambar kaɗai ba ta faɗi mai laifi ba, kuma wannan ne inda masu na'ura da yawa ke tuntuɓe: su ga lamba, su ce a sayo sensa. Matashin nan sai ya buɗe shafin da ke nuna yawan gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa mai, ya ce in duba. Mota tana tsaye tana sulo, ƙarin da take yi kaɗan ne, bai kai kashi 10 cikin ɗari ba, wanda ba abin damuwa ba ne. Da ya ɗaga totur sai lambar ta fara hawa, da muka hau titi muka fuskanci tudu ta haura kashi 20. Ya ce da iska ce ke satar shiga ta wata tsaga a bayan bakin totur, da akasin haka za mu gani: gyaran ya yi yawa a sulo, ya ragu in an taka. Tun da sai an nemi ƙarfi yake ƙaruwa, abin tuhuma biyu ne, ko famfon mai ba ya kawo isasshe, ko eyafulo yana ƙarya. “Famfo yana cikin tanki, Baba, ba wanda ya je wurinsa. Eyafulo kuwa a jikin murfin da aka buɗe yake. Kusa biyu ne. In ba shi ba ne sai mu ɗaura geji mu auna famfon.”

Ya kwance kusoshin ya haska ciki da fitilar wayarsa. Siraran wayoyin da ya kamata su yi fes sun yi baƙi, maiƙo ya kama su, ƙurar hunturu ta manne a kai kamar an yi musu riga. Wayar da ta sa riga ba ta jin sanyin iska sosai, sai ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa iska kaɗan ce ta shiga, ƙwaƙwalwa ta ba da mai kaɗan. A tafiyar cikin gari sensar salansa tana rufa asiri, tana sa a cike giɓin. Amma in direba ya taka totur har ƙasa, ƙwaƙwalwa takan daina sauraron rahoton salansa na ɗan lokaci, ta dogara da abin da eyafulo ya faɗa. Wato a daidai daƙiƙar da na fi buƙatar ƙarfi, a gefen tirela a Dajin Falgore, motata ta koma tana aiki da shaidar maƙaryaci.

Ya fesa wa wayoyin maganin wanke kayan lantarki daga nesa, bai taɓa su da komai ba, ya bar su suka bushe, ya mayar. Ya goge tsohon lissafin da ƙwaƙwalwa ta haddace. Muka koma tudun nan, motar ta haye shi kamar an sake ta daga mari.

Da na tambayi kuɗinsa ya faɗi abin da ya kai kuɗin fetur lita goma, sai na ji bakina ya ce: “Haba ɗana, ai ba ka canja komai ba.” Kafin in rufe baki kunya ta kama ni. Awa ɗaya kafin nan a shirye nake in biya ninkin wannan sau da yawa a sayo famfon da lafiyarsa ƙalau, in kuma yi wa mai ɗaurawa godiya. Da na bi ta mai indomi, da an fasa mini abin da ke ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su platinum da palladium, waɗanda ke da kasuwarsu, motar kuma ta ci gaba da ciwonta, in ƙara da hayaƙin da zan riƙa busa wa na bayana. Da na bi ta dattijo, da injin da bai yi laifin komai ba yana kwance a ƙasa an baje cikinsa.

A ganina a nan gizo ke saƙar. Mun saba zagin kanikawa da cewa 'yan canki-canka ne, amma mu masu motoci mu muka koya musu cewa tunani ba shi da farashi. Muna biyan kuɗin hannu, muna biyan kuɗin kaya, ba ma biyan kuɗin bincike. Bakaniken da ya ɓata awa biyu ya gano waya ɗaya ce ta saki, ya mayar da ita, sai mu ba shi na goro. Wanda ya sauke giyabos ya mayar ba tare da dalili ba, shi muke ƙirga wa dubbai, don mun ga gumi. Mutumin da ke da iyali zai bi inda abinci yake. Likita ma da za a ce ba a biyansa sai ya yi tiyata, da mun ga yawan masu ɗinki a ciki.

Da na dawo Kano na koma garejinmu, ba da faɗa ba. Maigidan ya tara yaransa ya tambaya, wani yaro da bai wuce shekara goma sha shida ba ya sunkuyar da kai ya ce shi ne. Da ya buɗe akwatin filta ya ga na'urar da ƙura, sai ya kwance ta ya tsoma a kwanon fetur ɗin da suke wanke kayan injin, wanda rabinsa baƙin mai ne, ya mayar. Ba a sa shi ba. So yake a ce ya yi aiki mai kyau. Maigidan ya zaro fanbel zai zabga masa, na riƙe hannunsa na ce: “Oga, wa ya taɓa gaya masa ba a yi?” Ya yi shiru. Shi kansa a kan kafireta ya koyi sana'a, inda tsoma kaya a fetur shi ne daidai, kuma yaron abin da ya ga ana yi wa sauran ƙarafa ya yi. Motocin sun canja tun shekaru talatin da suka wuce, koyarwar da ke ƙarƙashin bishiyar garejin ba ta canja ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa a garuruwanmu, hukumar NADDC mai kula da harkar motoci tana shirya horo, ga kwalejojin fasaha na jihohi. Da za a riƙa kai irin wannan horo cikin garejin kansa, da Hausa, a kan motar da ke gabansu, ko na yini biyu ne, da yaro irin wannan ya san waɗanne abubuwa ne ba a kai musu hannu. 'Yar na'urar karanta lambobin nan da ake haɗawa da wayar hannu kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗinta bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ke wuyanmu mu direbobi, wanda ba ya buƙatar sanin injin. Ni dai yanzu ba na yin sabis ana gobe tafiya. Nakan bar mako guda a tsakani. Nakan rubuta abin da aka canja da ranar da aka canja a wani ɗan littafi da ke cikin mota, in kuma ce a ajiye mini tsofaffin kayan da aka cire in gani. Kafin in biya, ni da bakaniken mukan hau titin da babu cunkoso in taka motar sosai sau biyu ko uku, domin ciwon da ba ya fitowa sai an nemi ƙarfi gara ya fito yana zaune a gefena. Masu motocin da ke da bel ɗin tayimin, irin su Golf 3 da Camry mai injin lita 2.2, su ƙara kula ranar da aka canja shi: haƙori ɗaya in ya goce mota za ta tashi, za ta yi tafiya, amma ba za ta ja ba, kuma sai a yi ta neman dalilin a wani wuri.

Murfin tankin na canja shi a makon da na dawo, fitilar cek injin ta mutu karo na farko cikin fiye da shekara. Na sayi gwangwani ɗaya na maganin fesawar nan na kai wa yaron, na nuna masa yadda matashin Jos ya yi. Da na koma juye a watan jiya shi ya karɓi motar. Ya jera mini tsohuwar filta a kan bonet, ya nuna eyafulo da yatsa daga nesa ya ce: “Alhaji, wannan ban taɓa shi ba.”